Shekarar da Muka Raba Ƙasashen Duniya

Ina aji huɗu na firamare Baba ya kawo satalayit gidanmu a Birnin Kudu. Kafin nan talabijin ɗinmu tasha biyu kawai yake kamawa, su ma sai Yaya ya hau katanga yana juya eriya, mu kuma muna ɗaki muna ihu, "Ya yi! A'a, ya tafi! Dawo baya kaɗan!" Ranar da masu haɗawa suka kafa farantin a saman ɗakin Baba, yaran layinmu suka cika ƙofar gida. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambayi Inna ko za a riƙa ba ta aro ta shanya kuɓewa.

Baba ma'aikaci ne a ofishin gona, kuma don labaran duniya ya sayo abin. Sai dai wutar lantarki ba ta san lokacin tashinsa daga aiki ba. Yawanci da rana ake kawo ta, yana shigowa gida a ɗauke. Don haka mu muka ci moriyar satalayit ɗin, mu uku: Yaya da ya girme ni da shekara biyu, da ni, da Auta wadda ko firamare ba ta shiga ba.

A cikin tashoshin akwai ta yara. Shirin da ya kama mu ana sa shi ne tsakanin dawowarmu daga boko da tafiya Islamiyya. Wani kunkuru ne na ƙyalle, mai hula da 'yar jakar tafiya, kullum sai ya sauka a wata ƙasa. Can wani yaro ko yarinya za su tarbe shi su kai shi gidansu, su nuna masa ɗakin kwanansu, da abin da suke ci, da yadda suke gaida manya, da wasan da suke yi. Da Turanci ake maganar, mu kuwa Turancinmu bai wuce na gaida malami da safe ba. Yaya ne tafintanmu. Abin da ya gane ya faɗa mana, abin da bai gane ba ya ƙirƙira, kuma ba ya ko ƙifta ido. Sunan shirin na gaskiya ya fi ƙarfin bakinmu, sai muka riƙa ce masa Kunkuru.

Yaya ne ya fara ɓallo abin. Wata rana aka nuna wani yaro ɗan Japan, mai tsafta kamar an wanke shi da shuɗi, yana cin shinkafa da tsinke biyu. Ana gama shirin Yaya ya miƙe ya ce, "Daga yau ni ɗan Japan ne."

"Ni fa?" na ce.

"Ki zaɓi taki. Amma Japan an ɗauka."

Na zaɓi Mekziko. Ban san komai a kanta ba sai cewa yarinyar can tana da siket mai faɗi, in ta juya sai ya buɗe kamar lema. Auta ta sa kuka ita ma a ba ta ƙasa. Yaya ya ba ta wata ƙasar ƙanƙara da aka nuna a makon, inda yara ke naɗe cikin rigunan gashi, hanci kawai ake gani. Babu mai so, shi ya sa ya ba ta. Ta share hawaye ta karɓa.

Kafin mako ya zagayo labari ya bazu a layinmu cewa ana rabon ƙasashe a gidanmu. Yara suka riƙa zuwa, Yaya na zaune a kan turmi yana rabawa. Wasu 'yan mata biyu suka yi dambe a kan Masar har sai da uwar ɗaya ta zo. Wani yaro ya samu wata ƙasa da sau ɗaya tak aka nuna ta, shi ma rabin shirin aka ɗauke wuta, don haka abin da ya sani game da mutanensa shi ne suna da kwale-kwale. Da shi ya yi ta fama har ƙarshen zango, yana zama cikin bahon wanki yana tuƙi da muciya.

Zama ɗan Japan a gidan da ake tuwo kullum ba ƙaramin aiki ba ne. Yaya ya fara feƙe tsinkayensa da reshen darbejiya. Loma ɗaya ya kai baki ya tofar, don ɗaci. Ya koma ya samo na kara. Da tuwon shinkafa yana ɗan taɓukawa, yana soke loma kamar mai cin tsire. Amma ranar miyar kuɓewa abin tausayi ne. Zai ɗago lomar, ta kusa baki, ta sulluɓe ta koma kwano, miyar kuma ta bi tsinken ta gangaro masa har gwiwar hannu. Mu mun cinye mun wanke hannu, shi yana nan yana farauta.

Inna ba ta hana shi ba. Abin da ta ce kawai, "In na tashi wanke-wanke zan ɗauke kwanona, ko ɗan wace ƙasa ne a kai."

Bayan 'yan kwanaki Auta ta shigo da gudu daga bayan kicin tana ihu, "Inna, ɗan Japan yana cin ƙanzo da hannu!" Yaya ya fito yana lashe yatsa, ya ce a Japan ma an yarda a ci da hannu ranar Alhamis. Babu wanda ya isa ya musa, tunda shi kaɗai ke jin Turancin.

Ta Auta ta fi ba Inna wahala. Lokacin bazara ne, irin zafin da duwatsun Birnin Kudu ke tarawa da rana su sako wa mutane da yamma. A cikin wannan zafin Auta ta tono rigar sanyin Baba daga ƙasan akwati, ta zurma, ta ɗora hular ulu, ta sa safa. In an cire mata sai ta kwanta a ƙasa tana birgima tana cewa a ƙasarsu sanyi ake yi. Ƙurajen zafi suka feso mata a wuya da baya. Inna ta riƙa shafa mata hoda tana cewa, "Allah ya shirye ki, mutanen naku ma da sun zo nan da sun tuɓe." A ƙarshe aka yi sulhu, ta ajiye rigar da safar, aka bar mata hular.

Sannan ga gaisuwa. A shirin, yarinyar ƙasar ƙanƙara ta goga hancinta a na kakarta. Wata Juma'a wani abokin Baba, Alhaji mai fataucin hatsi zuwa Kano, ya zo gidanmu. Muka fito gaishe shi a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, don ban san yadda ake yi a Mekziko ba. Yaya ya tsaya ƙiƙam, hannuwa a gefe, ya lanƙwasa daga ƙugu. Alhaji bai gama mamakin wannan ba, ya sunkuya zai shafa kan Auta, ta cafke kunnuwansa biyu ta goga hancinta a nasa.

Alhaji ya ɗago a hankali, ya gyara hularsa, ya dubi Baba ya ce, "Malam, mura take yi ne?"

Baba ya rasa inda zai sa kansa. Bayan baƙon ya tafi ya ce zai sa a kwance farantin. Amma da daddare ya ji Yaya yana ƙirga ɗaya zuwa goma da harshe uku, sai maganar ta mutu.

Ni nawa ya fi sauƙi. Na haɗa ɗankwalayen Inna da allura da zare na yi siket, ina juyi a tsakar gida har jiri ya kayar da ni. Amma a cikin raina abin ya wuce siket. In na kwanta sai in riƙa tunanin cewa a daidai lokacin akwai wata yarinya can nesa, da uwarta da kakarta, da nata kwanon, ita ma ana aikenta tana ƙin zuwa. Kafin Kunkuru, a ganina duniya ta ƙare ne a Kano, sai Makka a can gaba inda alhazai ke zuwa.

Rannan a ƙarshen shiri aka nuna inda Kunkuru zai je gobe. Yaya ya zabura ya miƙe. Wannan karon ba mu buƙaci tafinta ba, don mun ga tutar, kore da fari, irin ta makarantarmu.

Washegari muka dawo daga makaranta a guje. Na share tsakar gida ba a sa ni ba. Auta ta nemi a yi mata wanka a sa mata kwalli, don a ganinta Kunkuru ta ƙofar gidanmu zai shigo. Yaran layi suka cika ɗakin, har da uwar wadda ta ci Masar. Ana saura kaɗan a fara shirin aka ɗauke wuta. Kukan da muka sa ya sa Inna ta aika aka kira Baba daga wurin aiki, ya zo yana faɗa, amma ya tayar da ɗan janaretonsa da ba ya kunnawa sai ta ɓaci saboda tsadar mai, ya kuma nemi wuri ya zauna.

Kunkuru ya sauka. Ni ina jiran in ga duwatsu, da tasha, da masu tallan rake. Sai ga ruwa, ruwa har iyakar gani, da wata doguwar gada motoci na gudu a kai. Wani yaro ɗan Legas ya tarbe shi, ya hau da shi bene. Ya shiga wurin mahaifinsa ya kwanta rub da ciki ya gaishe shi. Uwarsa ta kawo sakwara da wata miya da ban taɓa gani ba. Suka yi magana da harshen da ko Yaya bai yi ƙarfin halin fassarawa ba.

Auta ta ja rigar Yaya ta ce, "Wannan ƙasar wa za ka ba?"

Yaron kwale-kwale ya ɗaga hannu da sauri, "Ni a canza mini da ita, akwai ruwa."

"Kai, Najeriya ce fa," in ji Yaya. "Tamu ce."

"To mu muna ina?" Auta ta tambaya.

Baba ya yi dariya har da buga cinya. Ya sauko da kalandar ofishinsu mai taswira a baya, ya ɗora yatsa a ƙasa ya ce ga Legas, ya ja yatsan har sama ya ce ga mu nan. Ya ce yaron ɗan'uwanmu ne, ƙasa ɗaya, tuta ɗaya. Inna ta ce ita dai ladabin yaron ya burge ta, da wasu za su koyi kwanciyar nan da ya fi musu lanƙwasa kamar ƙusa.

Ni ban yi dariya ba. Haushi na ji, irin na wanda aka kira sunansa a taro ya miƙe, sai ya ga ashe takwaransa ake nufi. Na tafi Islamiyya ina kumbure-kumbure. A hanya Yaya ya ce in kwantar da hankalina, a ƙarshen shirin Kunkuru ya faɗa da bakinsa cewa zai dawo ya yi Arewa in an gyara hanya. Na yarda. Na daɗe ina duba hanyar nan in ga ko an fara aiki.

Duk da haushin, yaron Legas ɗin ya zauna mini a rai. Shekaru bayan haka, da na shiga makarantar kwana aka haɗa ni ɗaki da wata Bayarabiya, sauran 'yan garinmu suna ɗari-ɗari da ita, ni kuwa tun daren farko na tambaye ta ko ƙannenta suna kwanciya in za su gaida babansu. Ta ce wa ya gaya mini. Na ji kunyar in ce kunkuru ne, sai na ce a littafi na karanta.

Da aka ba da dogon hutu, damina ta kankama, Baba ya sa mu a motar Gwaram zuwa wurin mahaifiyarsa a Dingaya. Daga Gwaram Kawu, ƙanin Baba, ya kwashe mu a babur, mu uku da jakarmu, muna ratsa gero da dawa da suka fi mu tsayi. A gidan Kaka babu wuta, babu talabijin. Akwai rumbu biyu, da awaki, da kaji, da 'yar Kawu wadda sa'ata ce.

Kaka 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin baki, kuma Yaya take kira maigidanta, irin wasan kaka da jika. Muna shiga ta taso da murna. Yaya ya tsaya ya yi lanƙwasarsa.

Kaka ta ja da baya. "Maigida, bayanka ne?"

"A'a, Kaka, gaisuwa ce. Ta Japan."

"Tun yaushe yake maka ciwo?"

Bai samu damar bayani ba. Ta sa Kawu ya kwantar da shi a tabarma, ta ɗebo man kaɗanya ta murje masa baya da hannun da ya shekara sittin yana daka. Yaya yana ihu yana rantsuwa lafiyarsa lau, tana cewa ai ga shi nan ta taɓo wurin. Tun daga ranar, in dai a Dingaya ne, har ƙasa yake durƙusawa. Auta kuwa da ta goga mata hanci, Kaka ta ce wannan ba baƙon abu ba ne, haka 'yan maruƙa ke yi.

Ni ce na yi ɓarnar da ta fi kowacce. Akwai wani wasa da yarinyar Mekziko ta nuna wa Kunkuru: a rataye wani abu cike da alewa, a ɗaure wa yaro ido, a ba shi sanda ya yi ta duka har ya fashe, alewa ta zubo kowa ya wawasa. Tun a Birnin Kudu nake son yin sa ban samu abin ratayewa ba. Kwana biyu da zuwanmu, Kaka ta tafi barka maƙwabta, na leƙa ɗakinta. Sai ga wata 'yar tukunya an rufe bakinta da faifai, tana lilo a ragaya daga rufin ɗaki. An riga an rataye ta. Sanda kawai take jira.

Na kira 'yar Kawu na yi mata bayani. Ta ce, "Ta Kaka ce fa. Ba a taɓawa."

"Me ke ciki?"

"Ban sani ba. Ba ta bari a leƙa."

Yaya ya ce duk abin da tsohuwa ta rataye a sama ta hana leƙawa, to zaƙi ne. Wannan ya gamsar da kowa. Na sa siket ɗina na ɗankwalaye, aka ɗaure mini ido, aka miƙo mini muciya. Dukan farko na sami iska. Na biyu na sami Yaya. Na uku na ji ƙwas, sai wani abu mai sanyi ya kwararo mini tun daga ka har cikin riga. Kindirmo ne, wanda wata Bafulatana ƙawar Kaka ke kawo mata, take ajiyewa don furarta. Auta, da yake an ce mata in ya fashe a wawasa, ta durƙusa tana lasar tabarma. Kaji suka shigo su ma.

A haka Kaka ta same mu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni, ido a ɗaure, muciya a hannu, nono na ɗiga daga haɓata. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wannan kuma na wace ƙasa ne?"

"Mekziko," na ce.

"Haka suke yi a can?"

"E. Amma su alewa suke sawa."

"To madalla. Mu a nan wanda ya zubar da nono shi ke dakan fura."

Na yi kwanaki ina daka. Tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu. 'Yar Kawu ta riƙa taya ni a ɓoye, tana jefa taɓarya sama ta tafa ta cafe, ina gwadawa tana faɗo mini a ƙafa. A bakin turmin nan ne ta yi ta tambayata yadda talabijin yake, don ita sau ɗaya ta taɓa gani a wani shago a Gwaram, shi ma ƙwallo ake yi. Na yi bayani har na gaji. Sai Yaya ya ce bari kawai mu haɗa wa yaran Dingaya namu talabijin ɗin.

Ranar kasuwa Kawu ya kawo mana babban kwalin sabulu. Yaya ya yanke masa taga, ya soka kara biyu a sama, ya ɗora shi a kan turmi a gindin darbejiya. Aka ɗaura wa Auta ƙwarya a baya ta zama Kunkuru. Bayan la'asar yaran unguwa suka zauna a tabarmi, mu kuma muna shiga bayan kwalin ɗaya bayan ɗaya muna leƙo da kai.

Yaya ya yi Japan, ya ci dafaffiyar gyaɗa da tsinke, ɗaya cikin biyar na isa bakinsa. Wani yaro ya tambaya ko a Japan akwai jaki. Yaya ya ce akwai, amma na ƙarfe ne. Na yi Mekziko, sai dai siket ba ya shiga taga, don haka kaina kawai suka gani yana zagayawa. Suka yi dariya, amma na lura sun fara tsokanar juna, wasu na kallon hanya.

'Yar Kawu ta ce saura ita. Yaya ya tambaye ta wace ƙasa za ta yi.

"Dingaya."

"Dingaya ba ƙasa ba ce."

"Wa ya ce?"

Kaka ce, daga bayanmu, riƙe da 'yar kujerarta. Ashe tun ɗazu tana kallo. Ta ture Yaya gefe, ta ajiye kujerar a bayan kwalin, ta zauna. Fuskarta da ɗaurin ɗankwalinta suka cika tagar taf. Ta dubi Auta ta ce, "Kai kunkuru, sannu da zuwa. Ka sha hanya. Matso ka ji."

Ta fara da rumbu, ta faɗa wa Kunkuru wanne ne na gero wanne ne na dawa, da shekarar da aka gina kowanne, da wanda ya faɗo daga kan na biyun. Ta nuna yadda ake gaida mai noma da yadda ake gaida mai jego. Ta sa 'yar Kawu ta yi luguden daka a gaban kwalin. Yaran da ke shirin tafiya suka dawo suka zauna. Daga nan ta koma kan 'yan kallo. Ta nuna wani yaro ta ce ubansa har ya yi kaciya yana tsoron zakara. Ta nuna wata ta ce kakarta ce ta fi kowa rawa a zamaninsu, kar ta ga yanzu tana jan carbi. Matan maƙwabta suka ji shewa suka fara leƙowa ta kan danga, wasu suka shigo da tsintar wakensu. Da Kaka ta ga taro ya yi taro, sai ta ce tana da sanarwa: mai jar akuyar da ke shigowa tana cinye mata rama, ta san kanta, kuma duniya duka yanzu ta ji. Mai akuyar tana wurin. Ta ce sharri ne, akuyarta ba ta cin rama. Aka yi ta musu tsakanin talabijin da mai kallo.

Can Kaka ta ce a kawo baƙuwa. Ta jawo ni ta cusa kaina kusa da nata a tagar.

"Faɗa wa kunkuru, ke 'yar ina ce?"

Na buɗe baki zan ce Mekziko, na ga idanun mutane a kaina, kuma duk sun san labarin nono. Na ce, "'Yar Birnin Kudu."

"Uban naki fa, a ina aka binne cibiyarsa?"

"A nan."

"To?"

"To rabi Birnin Kudu, rabi Dingaya."

"Ita ƙasar masu fasa tukunya fa, ina kika bar ta?"

Na yi tunani da gaske, don ba na so in rabu da ita. Na ce, "Tana siket."

Matan suka kwashe da dariya, Kaka ta ce ba laifi, a bar ta can, in ta yi datti a wanke.

Rana ta yi ƙasa, shirin bai da niyyar ƙarewa. Auta ta yi barci da ƙwaryarta a baya. Yaya, da aka ƙwace wa tasha, ya gaji da tsayuwa. Ya zagayo gaban kwalin ya rufe tagar da faifai ya ce, "Jama'a, an ɗauke wuta."

Muryar Kaka ta fito daga bayan faifan, "A Dingaya ba a taɓa kawo ta ba balle a ɗauke. Buɗe mini."

Sai da aka kira magariba ta tashi. Kwalin ya ƙara yin kwana uku yana aiki, kullum da sabuwar sanarwa, kafin ruwan sama ya jiƙa shi, jar akuyar ta ƙarasa.

Bayan kaka, da aka gama girbi, Baba ya ɗauko Kaka zuwa Birnin Kudu don a duba mata ido a asibiti. Ta yi kusan wata guda a gidanmu. Da farko ta ce ita ba ta kallon abin yara, ta riƙa zama a bakin ƙofa tana ba talabijin baya tana ɓarar gyaɗa. Wata rana Kunkuru ya je wata ƙasa mai tsaunuka, yarinyar can ta kai shi wurin kakarta. Tsohuwar na durƙushe tana niƙa hatsi a kan dutse, tukunya na tafasa a murhu kusa da ita. Ƙarar dutsen niƙan ce ta juyo da Kaka. Ta tashi da kanta ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Ikon Allah," ta ce. "Wannan ai niƙa take yi."

Sai ta fara gyara mata. Ta ce ta cika zuba hatsi da yawa a lokaci ɗaya. Ta ce ta matso da gwiwarta, in ba haka ba bayanta zai gaya mata da daddare. Da tsohuwar ta ɗago ta yi dariya, babu haƙoran gaba, Kaka ta mayar mata da dariyar, ita ma nata babu. Ta ce wa Yaya ya tambaye ta ko mijinta na da rai. Yaya ya ce ta ce ya rasu. Kaka ta ce Allah ya jiƙansa, ta ga alama.

Da aka zuba abincin ne hankalinta ya tashi. Miyar fara ce sol, ruwa-ruwa. Kaka ta riƙe haɓa ta ce baiwar Allah nan ba ta da kayan miya, kuma ga jikoki.

Tun daga ranar, da mun dawo daga makaranta za mu tarar ta riga mu zama. Kullum sai ta tambaya ko yau ƙawarta za ta fito. Muka yi mata bayani cewa kowace rana ƙasa daban ake zuwa, ta ce to ai hanya ce, wanda ya je zai iya komawa. Ƙawar ba ta sake fitowa ba har aka gama maganin ido.

Ranar da za ta koma Dingaya, mota na jira a ƙofar gida, ta kwance bakin zaninta ta ciro wani ƙulli ta miƙa wa Baba. Daddawa ce, mai kyau, irin wadda take yi da hannunta.

"Ka ba masu abin nan su kai wa matar nan," ta ce. "Ka ce ta riƙa sa kaɗan-kaɗan, tana da ƙarfi."

Baba ya karɓa da hannu biyu ya ce, "To, in sha Allahu."

Ƙullin ya yi mako guda a kan talabijin, babu wanda ya iya taɓa shi, har ɗakin Baba ya ɗauki wari. Daga baya Inna ta ɗauke ta kai kicin, muka yi wata biyu muna shan miyar kuka da ita.